Hanyar Zama Malamin Jami'a a Fannin Tarihin Tsohuwar Girka

A shekarar 1937 masu haƙa a gindin tsaunin Akrofolis na birnin Atina, ta gefen arewa, suka ci karo da wata tsohuwar rijiya. A cikinta akwai tsingaro kimanin 190, an karce wa kowanne suna ɗaya: Temistokilis, mutumin da ya tsara nasarar jiragen ruwan Girkawa a kan Farisa a yaƙin Salamis, shekara ta 480 kafin Miladiyya. Mutanen Atina suna da wata doka. Sau ɗaya a shekara, in taron gari ya amince, kowane ɗan gari zai rubuta a kan tsingaro sunan wanda yake so a kora, wanda sunansa ya fi yawa sai ya bar gari har shekara 10. Da aka zauna aka duba rubutun da ke kan tsingaron rijiyar nan harafi bayan harafi, sai aka ga hannun mutum 14 ne kacal ya rubuta su duka.

To, maguɗi aka shirya? Ko kuwa wasu ne suka tanadi ƙuri'u don taimaka wa waɗanda ba su iya rubutu ba? Kuma me ya kai su rijiya? Babu littafin da zai ba ka amsa. Sai dai ka iya karanta haruffan da kanka, ka san dokar, ka san su wane ne abokan hamayyar mutumin, sannan ka auna. Wannan shi ne aikin masanin tarihin tsohuwar Girka, kuma in zuciyarka ta motsa da tambayoyin nan, ga yadda ake bin hanyar. Tana da tsawo. Daga ranar da ka fara koyon haruffa zuwa ranar da za a kira ka dakta, ka ƙiyasta shekara 10 ko fiye.

Mataki na farko: ka san girman gonar

Mutane da yawa in an ce tsohuwar Girka, Atina da Sparta kawai suke gani. Gonar ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Ta fara tun daga fadojin Knossos da Pilos da Maisini na ƙarni na 14 da na 13 kafin Miladiyya, waɗanda suka bar lissafin tumaki da man zaitun a kan allunan yumɓu, rubutun da Michael Ventris ya warware a 1952 ya nuna cewa Girkanci ne. Sai zamanin da birane suka kafu, da dokokin Solon a 594 da gyaran Kilistenis a 508 wanda ya haifi dimokuraɗiyyar Atina. Sai yaƙin Farisa, sai yaƙin Atina da Sparta daga 431 zuwa 404, sai Iskandar na Masedoniya da ya mutu a Babila a 323, sai daulolin da kwamandojinsa suka kafa, har zuwa mutuwar Kiliyofatra a Masar a shekara ta 30. Cibiyar binciken birane ta Copenhagen, ƙarƙashin Mogens Herman Hansen, ta ƙirga biranen Girkawa 1,035, daga gaɓar Sifen har Bahar Aswad, har da Sairin da ke Libiya ta yau.

Ka fara da karanta manyan marubutan tarihin Girka biyu, Herodotus da Tukididis, wanda za ka ga an rubuta Thucydides, cikin fassarar Turanci ko Faransanci ko Larabci, daga bango zuwa bango. In ka gama kana jin yunwar ƙari, ci gaba. In ka ji kamar an ɗora maka dutse, gara ka sani tun yanzu.

Mataki na biyu: harshe, kafin komai

A nan zan daɗe, domin a nan ake cin gari ko a faɗi. Babu jami'ar kirki da za ta ɗauke ka digirin digirgir a wannan fanni ba tare da Girkanci na dā ba, kuma ko ta ɗauke ka, za ka ƙare kana tauna abin da wani ya tauna. Fassara ra'ayin mai fassara ce. Kalma kamar demos tana iya nufin dukkan 'yan gari, ko talakawa kawai, ko ƙauye, ko taron majalisa, kuma wace ce daga ciki marubucin yake nufi shi ne sau da yawa ainihin gardamar.

Haruffan 24 ne, mako ɗaya ya ishe ka. Wahalar tana gaba. Suna yana sauya ƙarshe gida biyar gwargwadon aikinsa a jimla. Aikatau kuwa kowanne yana da sigogi shida na tushe da dole ka haddace, wasunsu ko kama da juna ba su yi. Shekarar farko haddar sarfu ce zalla, kuma babu dabarar kauce mata.

Amma Bahaushe yana shiga wannan aji da jarin da ɗan Ingila ba shi da shi, kuma ba don lallashi nake faɗa ba. Wanda ya zauna gaban malam ya karanta nahawu, ya san rafa'u da nasabu da jarru, ba zai firgita ba in aka ce masa ƙarshen suna yana nuna mai aiki da wanda aka yi wa aiki. Ya san musanna, Girkanci ma yana da sigar abu biyu. Bayan haka, Girkancin dā harshe ne mai karin sauti: alamomin nan uku da ake ɗorawa a kan wasula suna nuna hawa da sauka ne na murya, ɗaya daga cikinsu ma faɗuwa ce a kan dogon wasali, irin wadda kunnenka ya saba da ita. Yana bambanta dogon wasali da gajere kamar yadda muke yi. Bambancin da ke wahalar da ɗalibai tsakanin sigogin aikatau biyu na abin da ya wuce, kusan shi ne bambancin "ya rubuta" da "yana rubutawa". Sannan akwai 'yan ƙananan kalmomi, men da de da ge da sauransu, waɗanda Turanci ba shi da gurbinsu har sai da aka rubuta musu littafi guda mai kauri. Mu kuwa muna da dai da kuwa da fa da kam da ma. Ranar da na fara fassara jimlolin motsa jiki zuwa Hausa maimakon Turanci, ranar na fara jin muryar mutanen.

Ga tsarin da nake ba da shawara. Ka zaɓi littafin koyo ɗaya na Girkancin Atika, wato karin harshen Atina, ka bi shi har ƙarshe. Athenaze da Reading Greek suna koyarwa ta hanyar labari, na Hansen da Quinn da na Mastronarde suna bin nahawu kai tsaye. Kowanne ya yi, tsalle daga wannan zuwa wancan ne ke kashe mutum. Awa ɗaya kowace rana, bayan asuba in da hali, ta fi awa bakwai ranar Lahadi. Ka riƙa rubuta sigogin da hannu a takarda, kana furta su da ƙarfi kamar mai tilawa. Ƙamus na Liddell da Scott, wanda ya fara fitowa a 1843 kuma har yau shi ne madogara, yana nan kyauta a shafin Logeion na Jami'ar Chicago, matanin kuma suna shafin Perseus na Jami'ar Tufts. Hattara da Perseus: kana danna kalma zai gaya maka sigarta, kuma wanda ya saba da dannawa ba ya taɓa iyawa.

In ka gama littafin koyo, kada ka yi kuskuren da na yi. Ɗoki ya sa na faɗa jawaban da ke cikin Tukididis, na yi wata guda a shafi uku, har na fara tunanin kaina ne bai ja. Ashe su kansu Girkawan baya sun yi kukan wahalar salonsa. Ka fara da Zenofon, labarin sojojin haya dubu 10 da suka maƙale a tsakiyar daular Farisa suna neman hanyar gida. Ko jawabin farko na Lisiyas, inda wani magidanci yake kare kansa a kotu bayan ya kashe kwarton matarsa: a ciki za ka ga gida mai bene, da baiwa, da jariri yana kuka da dare, da ƙarar ƙofa. Daga nan sai Aflatun, sai Herodotus da karin harshensa na Iyoniya, sannan Tukididis, sannan mawaƙi Homa.

Latin ma sai ka yi shi, ko da bai kai Girkancinka ba. Yawancin shirye-shiryen digirgir suna jarraba duka biyun, kuma in ka sami aiki da wuya a bar ka ka koyar da Girka kaɗai ba tare da Rum ba.

Mataki na uku: digirin farko

A Najeriya, Jami'ar Ibadan ce ke da sashen nazarin Girka da Rum, kuma yana cikin sassan da aka buɗe jami'ar da su a 1948. Emeka Anyaoku da Bola Ige da mawaƙi Christopher Okigbo duk nan suka yi karatu. A Ghana akwai jami'o'in Legon da Cape Coast, inda aka haɗa fannin da falsafa. Ga mai Faransanci akwai Jami'ar Cheikh Anta Diop a Dakar, ga mai Larabci akwai Jami'ar Alƙahira da ta Ain Shams.

In ka riga ka shiga sashen tarihi ko ilimin kufai ko Larabci a wata jami'a, ba ka makara ba. Ka gama da sakamako mai ƙarfi, ka yi Girkancinka a gefe, amma ka nemi shaidar takarda, domin kwamitin ɗaukar ɗalibai ba ya karɓar "na koya da kaina" sai da hujja. Makarantun tauhidin Kirista, irin wadda ke Bukuru kusa da Jos, suna koyar da Girkancin Sabon Alkawari. Ya fi na Atika sauƙi, kuma ya zo bayansa da ƙarnuka, amma tushe ɗaya ne. Akwai kuma kwasa-kwasan bazara masu zafi, wasu ta intanet, da shirye-shiryen shekara ɗaya na cike giɓi, kamar na Jami'ar Pennsylvania, waɗanda aka yi domin wanda ya zo fannin a makare.

Mataki na huɗu: harsunan masana

Jamusanci da Faransanci na karatu, ba na hira ba. Babban kundin fannin na Pauly da Wissowa, mai juzu'i sama da 80, da Jamusanci yake. Haka sharhin Felix Jacoby a kan guntayen marubutan tarihin da littattafansu suka ɓace, aikin da ya fara fitarwa a 1923. A fagen rubutun duwatsu kuwa ba ka da makawa sai ka karanta Louis Robert, da Faransanci. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi sun riga sun ci rabin wannan. Italiyanci da Girkancin zamani sa biyo baya.

Larabcinka kuma kada ka ajiye shi a bakin ƙofa. A Bagadaza ta ƙarni na 9, Hunainu ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, da almajiransa sun fassara littattafan likitan Girka Jalinus da wasu da dama zuwa Larabci. Akwai ayyukan Jalinus da asalinsu na Girkanci ya ɓace, sai Larabcin ya rage. Littafi na 5 zuwa na 7 na Afoloniyus a kan lissafi ma haka. Masu iya Girkanci da Larabci tare, iyawa ta gaske, ba su da yawa a duniya, kuma ana nemansu.

Mataki na biyar: ka koyi sana'ar hannu guda

Matanin manyan marubuta an shafe ƙarnuka ana juya su. Sabon abu yawanci daga ƙasa yake fitowa: dutse, takardar fafirus (takardar dā da ake yi da wata ciyawar bakin ruwa), tsabar kuɗi, tukwane. Ɗalibin da ya ƙware a ɗaya daga cikinsu ya fi mai ra'ayi kawai daraja.

Ɗauki rubutun dutse. Atinawa sun sassaƙa dokokinsu da yarjejeniyoyinsu da lissafin baitulmalinsu a kan marmara, sau da yawa ba tare da tazara tsakanin kalmomi ba, haruffa jere sama da ƙasa kamar ramukan dara. Wannan tsari alheri ne: in gefen dutse ya karye, kana iya ƙirga haruffa nawa suka ɓace a kowane layi. Za ka koyi ɗaukar hoton dutse da takarda: ka wanke fuskar dutsen, ka shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda mai kauri, ka yi ta bugunta da buroshi har ta shige kowane rami, ka bar ta ta bushe, ka ɓare ta. Sai ka ɗaga ta a hasken da ke zuwa daga gefe, ka ga harafin da ido bai gani a dutsen ba. Za ka koyi ƙa'idojin Leiden na 1931: harafin da ka cike da kanka yana shiga baka mai kusurwa, wanda kake shakkarsa ka sa masa ɗigo a ƙasa. Amana ce. Wanda ya cike giɓi da abin da yake so ya gani, sannan ya gina tarihi a kai, ya ci amanar duk mai karanta shi.

Ga abin da harafi ɗaya ke iya yi. Shekaru da yawa masana sun riƙe cewa Atinawa sun daina rubuta harafin sigma mai sanda uku a wajen 446, saboda haka duk dokar da ke da shi ta girmi wannan shekara. Harold Mattingly ya yi ta musun haka tun farkon shekarun 1960, kusan shi kaɗai. Gardamar ta taru a kan wani dutse mai ɗauke da ƙawancen Atina da garin Egesta na Sisili, inda sunan shugaban shekarar ya goge sai ƙarshensa. In Habron ne, shekarar 458 ke nan. In Antifon ne, 418. A 1990 Mortimer Chambers da abokan aikinsa suka haska dutsen da na'urar leza, suka ce Antifon ne. Yau yawancin masana sun koma bayan Mattingly, kuma dokoki da dama da ke nuna Atina tana danne ƙawayenta sun matso daga zamanin Ferikilis, jagoran Atina, zuwa tsakiyar yaƙi da Sparta. Labarin yadda daular ta zama azzaluma, da yaushe, ya sauya.

Fafirus kuwa Masar ce gidansa. Daga jujin garin Bahnasa, wanda Girkawa ke kira Oksirinkus, Grenfell da Hunt suka fara kwaso guntaye a ƙarshen shekarun 1890. An ƙiyasta sun kai rabin miliyan, kuma abin da aka buga bai taka kara ya karya ba. Littafin Aristotil a kan tsarin mulkin Atina, wanda aka ɗauka ya ɓace, a bayan takardun lissafin wata gona ta Masar aka same shi, aka buga a 1891. Tsabar kuɗi ma fage ne: azurfar Atina mai hoton mujiya, giram 17 da 'yan kai, daga ma'adinan Lauriyon da bayi ke haƙa, ta zaga har Masar da Afganistan.

Kana iya farawa daga ɗakinka. Shafin Attic Inscriptions Online yana da fassarar rubutun duwatsun Atina da sharhi kyauta, shafin papyri.info kuma yana da matanin fafirus. Ka ɗauki lissafin ginin haikalin Erektiyon na wajen 408, inda za ka ga ɗan gari da baƙo da bawa suna sassaƙa ginshiƙi ɗaya ana biyansu kuɗi ɗaya, ka zauna da shi mako guda.

Mataki na shida: digiri na biyu da zaɓen batu

Shekara ɗaya ne a Ingila, biyu a yawancin Turai da Afirka. Amfaninsa biyu: ya ƙarfafa harsunanka, ya kuma ba ka rubutu mai shafi 20 zuwa 30 da za ka nuna a matsayin samfurin aikinka. Wannan samfuri ya fi duk wata takardar yabo nauyi. Dole a ga kana kawo Girkancin da kanka, kana fassarawa da kanka, kana gardama da masana cikin ladabi.

Batu ya zama ƙarami, tambaya ta zama babba. "Dimokuraɗiyya a Atina" ba batu ba ne, teku ne. "Yadda ƙauyukan Atika, yankin Atina, suke hayar da filayen gumakansu a ƙarni na 4" batu ne, domin duwatsunsa ƙirgaggu ne, kuma ta cikinsa za ka taɓo ƙasa da addini da iko.

Za a ja ka zuwa batun Girka da Afirka, ko dai zuciyarka ko malamanka. Fage ne na gaske. Frank Snowden na Jami'ar Howard ya buɗe shi da aikinsa na 1970 a kan baƙar fata a idon Girkawa da Rumawa. Akwai Sairin, akwai Naukratis a Masar, akwai sarki Ezana na Aksum da ya sa aka sassaƙa nasarorinsa da Girkanci. Akwai labarin da ke littafi na biyu na Herodotus, na samari biyar 'yan ƙabilar Nasamon da suka keta Sahara har wasu gajerun mutane baƙaƙe suka kai su wani gari a bakin babban kogi mai kada, mai gudu daga yamma zuwa gabas. Wasu sun ce kogin Kwara ne, shi Herodotus ya ɗauka Nilu ne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ya jero isnadinsa: ya ji daga mutanen Sairin, su sun ji daga sarkin Amon, shi kuma daga Nasamonawa. Wanda ya tashi cikin al'adar da ke tambayar "wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa" yana da abin cewa a nan. Haka kuma kwatanta birane: kundin da Mogens Hansen ya shirya a 2000 a kan al'adun birane masu cin gashin kai guda 30 ya sa biranen Hausa da na Yarbawa a jere da na Girka.

Sai dai ina roƙonka abu biyu. Kada ka yarda a tsare ka a wannan lungu don kawai daga Afirka ka fito: in kuɗin Atina ko dokokin Kirit ne suka kama ranka, bi su. In kuma ka zaɓi Afirka, kada ka shiga da amsarka a aljihu. Muhawarar da ta biyo bayan littafin Martin Bernal na 1987, wanda ya danganta tushen wayewar Girka da Masar da Gabas, ta nuna yadda fage ke zafi in hujja ta yi ƙaranci, buri ya yi yawa.

Mataki na bakwai: digirgir, malami da kuɗi

Tsari biyu ne manya. A Ingila shekara 3 zuwa 4 ne, kana shiga da batunka a hannu, ka rubuta kundi mai kalmomi dubu 80 zuwa 100. A Amurka shekara 5 zuwa 7 ne: shekarun farko darussa da jarrabawar fassara daga dogon jerin matani, da jarrabawar Jamusanci da Faransanci, sannan kundi. Manyan jami'o'in Amurka sukan yafe kuɗin makaranta su kuma biya alawus, kai kuma ka koyar. Ga wanda harsunansa ke buƙatar ƙarin lokaci, tsarin Amurka ya fi. Jamus ba ta da tsadar makaranta, hukumar DAAD kuma tana ba da tallafi. A Oxford akwai tallafin Clarendon da Ertegun da Rhodes, a Cambridge akwai Gates. Yawancin ƙofofin nan suna rufewa tsakanin Disamba da Janairu, wasu ma kafin haka, don haka shiri yana farawa shekara guda kafin lokaci.

Magana ɗaya ba na sassautawa a kanta: kada ka ci bashi, kada a sayar da gona ko fili don ka yi digirgir a wannan fanni. In ba su biya ba, ka ƙara shiri ka sake nema baɗi.

Malamin da zai duba ka ya fi sunan jami'a muhimmanci. Ka karanta abin da ya rubuta a shekaru biyar na baya. Ka binciki inda ɗalibansa suka ƙare, in da hali ka tambayi ɗaya daga cikinsu ko yana karanta babi a kan lokaci. Wasiƙarka ta farko gare shi kada ta wuce rabin shafi. Mu mun saba da doguwar gaisuwa, kuma tana da kyau a wurinta, amma a nan layi ɗaya ya isa. Ka faɗi ko kai wane ne, shekara nawa ka yi kana Girkanci da Latin, waɗanne marubuta ka karanta a asalinsu, wace tambaya kake son bi, da dalilin da ya sa shi ka nufa. Wasiƙata ta farko cike take da yabo, babu sunan matani ko ɗaya a ciki, kuma ba a amsa ta ba. Da na sake rubuta wa wani, na ambaci dutse guda da nake ganin an karanta shi ba daidai ba, amsa ta zo cikin kwana biyu.

Mataki na takwas: ka taka ƙasar

Gani ya kori ji. Sai ka tsaya a tudun Finiks, inda taron Atina ke zama, za ka fahimci abin da ake nufi da mutum ya yi wa dubban jama'a magana ba lasifika. Sai ka ga duwatsun da suka raba kwari da kwari za ka gane dalilin da ya sa ƙasa ƙarama ta haifi birane barkatai. Ƙasashen waje suna da makarantun bincike a Atina: ta Faransa tun 1846, ta Jamus 1874, ta Amurka 1881, ta Birtaniya 1886. Ta Amurka ce ke haƙa tsohuwar kasuwar Atina tun 1931. Suna da ɗakunan karatu da masauki da gajerun kwasa-kwasai, ciki har da na rubutun dutse. Gidauniyar Onassis ma tana tallafa wa masu bincike 'yan ƙasashen waje. Takardar biza tana cin lokaci, ka nemi wasiƙar gayyata da wuri.

Mataki na tara: bugu da neman aiki

Kafin ka kare kundinka, ka yi ƙoƙarin fitar da maƙala ɗaya mai kyau a mujallar da masana ke tacewa, irin su Historia ko Hesperia ko Journal of Hellenic Studies, ko ZPE ta Jamus in gyaran karatun dutse ko fafirus ne. Ɗaya a irin waɗannan ta fi goma a mujallun da ake biya a buga. Za a dawo maka da ita da suka, wani lokaci mai zafi. Ka bar ta kwana uku, ka dawo ka gyara. Sharhin sababbin littattafai a Bryn Mawr Classical Review hanya ce mai sauƙi ta fara sa sunanka a fage, kuma ana ba ka littafin.

Kasuwar aiki a Turai da Amurka ƙunci gare ta. Masu digirgir sun fi kujerun dindindin yawa sosai, kuma abin da aka saba shi ne shekaru na kwantiragin shekara ɗaya ko biyu, daga wannan gari zuwa wancan, kafin a dace ko a haƙura. Sassa ma ana rufewa: Jami'ar Howard, inda Snowden ya yi rayuwarsa, ta rushe nata a 2021. A Jamus bayan digirgir akwai wani babban kundin na biyu da aka saba nema kafin kujerar farfesa. Mai iyali ya zauna da iyalinsa a yi wannan lissafi tun kafin a tashi.

Saboda haka ka riƙe igiya biyu. Ka koyi abin da ke da kasuwa a wajen aji: aikin gidan tarihi, ɗakin karatu na rubuce-rubucen hannu, sarrafa matani da kwamfuta, koyar da harsuna a sakandare. Ka kuma shirya koyar da fiye da fanninka, domin in ka dawo gida mai yiwuwa sashen tarihi ko falsafa ko nazarin addinai ne zai ɗauke ka, a ba ka tarihin duniyar dā, da hanyoyin binciken tarihi, da tarihin Arewacin Afirka. Ka karɓa da hannu biyu. Kafin ka baro inda ka yi karatu, ka nemi a bar maka damar shiga ɗakin karatunsu ta intanet a matsayin abokin bincike, domin rumbun matanin Girkanci na TLG da yawancin mujallu sai da kuɗin rajista ake buɗe su, kuma rashinsu ne ke fara kashe binciken wanda ya koma gida. Sannan a zangon farko ka roƙi shugaban sashe awa biyu a mako da allo, ka buɗe ajin Girkanci ga duk mai so, ko da mutum huɗu ne suka zo.